Gwamnan Layin Rini da Kujerarsa ta Na Ƙi

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Agusta, ruwa ya sauko tun da hantsi, bai ɗauke ba sai bayan la'asar. A Kakuri ranar nan har masu keke napep sai da suka fake. Ruwa ya taru daga babban titi ya gangaro Layin Rini ja wur, ɗauke da leda da ɓawon rake da takalmi wari guda, ya zarce gangare ya shige gidajen ƙarshen layi ba sallama. A ranar ce duk wanda bai san girman Mista Ebenezer Davou ba ya sani.

Domin kuwa lokacin da ƙananan mutane ke fama da bokiti da tsintsiya, shi babban mutum yana tsaye a kan dakalin rumfarsa, sanye da kwat, riƙe da lema a buɗe ko da yake rumfar ba ta yoyo, yana duba halin da jama'arsa ke ciki. Baba Istifanus, wanda gidansa ne na ƙarshe a gangare, ya hauro da wando a naɗe har cinya, katifa a ka tana zubar da ruwa. Mista Ebenezer ya dube shi da idon tausayi irin na manya, ya ce, "Ka kwantar da hankalinka, Baba. Gwamnati tana sane."

Baba Istifanus ya ce, "Na gode, Oga. A gaya mata ta zo da bokiti."

To, bari a faɗi ko wane ne shi, don kada a raina shi bisa rashin sani. Shekara ashirin da uku ya yi yana tankifa a masaƙa, wato shi ne mai tsayawa a bakin ƙofa da littafi da jan biro, duk wanda ya makara ko da minti ɗaya ya ja masa layi. Bai taɓa riƙe zare ba, bai taɓa shaƙar ƙurar auduga ba, amma idan yana ba da labari sai ka rantse shi ya saƙa duk atamfar da aka ɗaura a Arewa. Da masaƙa ta rufe, kowa ya koma gida da abin da ya samu, wani tari, wani ciwon baya. Shi ya koma da jan bironsa.

Mutanen Layin Rini yawancinsu tsofaffin ma'aikatan masaƙar nan ne, wasu daga Filato, wasu daga Binuwai, wasu daga Katsina da Zariya, sun tsufa tare. Suna da ƙungiya mai shugaba ɗaya da dattawa goma sha biyu, waɗanda ake kira majalisa. Idan majalisa ta yanke magana da ɗaga hannu, sai shugaba ya sa hannu a littafi, shi ke nan ta zama doka. Idan ya ƙi, mutum takwas cikin sha biyun nan suna iya take ƙin nasa su wuce. Sai dai wannan ba da ɗaga hannu ake yi ba. Waɗanda suka kafa ƙungiyar sun fito daga masaƙa da kwarkwaro goma sha biyu, na katako, irin wanda ake naɗe zare a jiki, kowanne da hatimin masaƙa a gindinsa. Suka ce hannu yana iya ɗagawa rabi ya koma yana sosa ƙeya, amma kwarkwaro idan ya faɗa tasa kowa zai ji ƙararsa. Ana ajiye su a wani ɗan akwatin ƙarfe a wurin shugaba, ba a buɗe shi sai ranar da za a take ƙin shugaban.

Da aka zaɓi Mista Ebenezer, abu na farko da ya gyara shi ne suna. Ya ce ciyaman ya yi masa kaɗan, ko masu faci suna da ciyaman. Tunda yana da majalisa, yana sa hannu, yana iya ƙi, to me ya raba shi da gwamna in ban da jiniya? Mutane suka fara kiransa Gwamna don dariya, shi kuwa ya amsa da gaske. Rumfar ƙofar gidansa, inda ake zaman majalisa ran Asabar ana buga dara sauran ranaku, ta zama Gidan Gwamnati. Ya sa kafinta ya yi masa kujera mai hannu da dogon baya. Matarsa, Madam Rhoda mai shagon kayan masarufi, ya ce daga yau a riƙa ce mata Uwargidan Gwamna. Ta ce duk wanda ya kira ta haka ba za ta sayar masa da ko ashana ba.

Aibi ɗaya ne da Gidan Gwamnati, shi ma ba nasa ba ne, na ruwa ne. Rumfar ta fito ta zauna daidai inda kwata ya kamata ta bi. Shi ya sa ruwan babban titi, idan ya iso nan bai ga hanya ba, sai ya bazu a layi ya tafi gaida Baba Istifanus da maƙwabtansa.

Asabar ɗin da ta biyo bayan ruwan nan, majalisa ta zauna. Mama Jemimah, mace ɗaya tilo a cikinsu, wadda a masaƙa aikinta duba yadi ne tana fitar da mai aibi, ta kawo magana cewa a yi gayya a haƙa kwata miƙaƙƙiya daga titi har rafi. Hannu tara suka tashi. Aka miƙa wa Gwamna littafi. Ya cire hular jan biro a hankali, ya duba sama, ya duba rumfa, ya mayar da hular.

"Honorabul-honorabul," in ji shi, "na hau kujerar na ƙi. Ba don kaina ba. Ni wane ne? Don tarihi. A ina aka taɓa jin an bi da kwata ta tsakiyar Gidan Gwamnati? Me baƙi za su ce?"

Mama Jemimah ta ce, "Baƙi ba sa zuwa, Oga Tankifa, ruwa ya hana su. A kawo akwati Asabar mai zuwa."

Tara ya fi takwas, wannan ko wanda bai shiga aji ba ya sani. Gwamna ya kwana biyu yana neman mafita. Ran Talata yana zaune da rediyonsa sai ya ji ana muhawara a kan gwamnoni na gaske, wai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa ke take ƙin gwamna, wani mai magana yana cewa ya yi sauƙi, kamata ya yi a ƙara. Gwamna ya miƙe tsaye har rediyo ta faɗi. Ashe ba shi kaɗai ake zalunta ba.

Washegari ya sa kwat ya shiga zagayen 'yan majalisa. Ya fara da Malam Nasiru tela. Ya zauna a bencinsa, ya rage murya, ya ce, "Malam, ni na kusa gamawa. Idan na duba layin nan kaf, mutum ɗaya nake gani a kujerata, kai ne. Amma kada ka gaya wa kowa. To, ka so ranar da ka hau, mutum takwas su haɗa baki su taka ka gaban iyalinka?" Malam Nasiru ya tsayar da keke, ya gyara hula, ya ce gaskiya bai so ba. Daga nan Gwamna ya wuce wurin Harrison birkila, ya same shi a kan tsani, ya gaya masa cewa idan ya duba layin nan kaf, mutum ɗaya yake gani. Sai Alhaji Zakariyya'u mai kayan gyaran keke napep. Kafin Juma'a ya ga mutum ɗaya tilo har sau bakwai.

Ran Asabar, kafin a taɓa akwati, ya ce akwai gyaran doka na gaggawa. Ya miƙe, ya sa babban yatsa a aljihun kwat.

"Takwas!" ya ce. "Mene ne takwas? Ko a teburin mai shayi ana tara mutum takwas. Shugabanci ba tsumma ba ne da kowa zai goge ƙafa. Duniya ta ci gaba, masana suna magana a rediyo, mu muna nan da lissafin zamanin masaƙa. Ina ba da shawara, daga yau sai goma sha ɗaya cikin goma sha biyu. Kuma da kwarkwaron masaƙa kaɗai, mai hatimi. Ba ɗaga hannu, ba aike, ba na yarda da baki. Ba don ni ba, jama'a. Don wanda zai zo bayana."

Da ya ce wanda zai zo bayana, mutum bakwai suka sunkuyar da kai don kunya, kowanne yana jin da shi ake. Hannu bakwai suka tashi. Jan biro bai taɓa gudu irin na ranar ba.

Baba Istifanus, wanda shi ma ɗan majalisa ne, ya ce, "Oga, ni fa katifata ce ke iyo, ba doka ba."

Gwamna ya ce, "Doka ce ke riƙe da katifa, Baba. Sai mai ilmi zai gane."

Ba wanda ya ƙara neman akwati. Ina amfanin buɗewa? Uku daga cikin majalisa abokan dararsa ne, ba za su taɓa juya masa baya ba.

Mai ƙaramin tunani da ya tsaya nan. Amma Gwamna mutum ne mai hangen nesa. Ya ce a ransa, yau da gobe, idan ruwa ya ci gidan ɗaya daga cikin abokan dara fa? Idan sha ɗayan suka haɗu fa? A satin nan ya kira Harrison ya sake zuba wa dakalin rumfa kankare, ya ɗaga shi ya yi tsawo yadda kujera za ta fi kowa, a kafa ginshiƙin ƙarfe na tsakiya a ciki. Da rana ta take Harrison ya tafi cin abinci, Gwamna ya buɗe akwati ya ɗauki kwarkwaro biyu, ya ƙulle su a leda, ya tura su cikin ɗanyen kankare daidai gindin ginshiƙi, ya shafe wurin da cokalin birkila. Saura goma a akwati. Yanzu ko mala'iku aka zaɓa a majalisa ba za su kai sha ɗaya ba. Ya wanke hannu, ya ji a ransa cewa da ƙasar nan ta san irin kan da ke zaune a Kakuri, da tuni an aiko da mota.

Damina uku aka yi haka. Majalisa ta ce a sa fitila a bakin layi, ya ƙi, don ba shi ya kawo maganar ba. Ta ce a matsar da zama zuwa ƙarfe biyar saboda masu zuwa biki, ya ƙi, don a masaƙa ƙarfe huɗu ake canjin aiki. Wata rana ya ƙi wata magana, sai da aka karanta masa aka ga ashe tasa ce ta watan jiya. Ya ce wannan ya nuna ba ya son kai. Baba Istifanus kuwa ya ɗora gadonsa a kan bulo huɗu-huɗu, har sai da jikarsa ta ce ya kusa taɓa silin.

Sai zaɓe ya zo. A Layin Rini duk baligi yana jefa ƙuri'a. Gwamna ya fito neman ci gaba, yana jiran a ce ba hamayya. Sai ga Malam Nasiru da sabuwar malum-malum. Sai ga Harrison da takalmi mai tsini. Sai ga Alhaji Zakariyya'u. Mutum bakwai, kowanne ya zo karɓar kujerar da aka yi masa alkawari a asirce, kowanne yana mamakin me sauran shidan suka zo yi. Maza suka raba ƙuri'unsu gida takwas. Mata kuwa, waɗanda su ne suka yi damina uku suna kwalfe ruwa, ba su yi taro ba, ba su buga takarda ba, suka jera bayan Mama Jemimah.

Gwamna ya sami ƙuri'a huɗu. Baligai biyar ne a gidansa. Har yau bai tambayi Madam Rhoda ba.

Ranar miƙa mulki ya yi jawabi na minti arba'in. Ya miƙa littafi, ya miƙa akwati da hannu biyu, amma ya riƙe mabuɗi, wai a ƙasashen da suka ci gaba tsohon gwamna ne uban ƙasa, a wurinsa mabuɗi ke zama. Mama Jemimah ta ce ya riƙe, nauyi ya ragu. Aka ba shi gurbinta a majalisa. Sunan Gwamna kuwa ya ce ba a cire shi, kamar soja ne, har kabari.

Zamanta na farko aka yanke haƙa kwata miƙaƙƙiya, ta sa hannu da baƙin biro na naira kaɗan, aka sa rana bayan sati uku. A nan ne fa Gwamna ya gane da gaske ake. Rumfar nan ita ce duk abin da ya rage masa. A nan ake gaishe shi, a nan yake zama a gan shi. Idan ta tafi, shi tsoho ne kawai mai kwat.

Ya sake shiga zagaye, wannan karon ba rage murya, har da ƙwalla. Kuma Allah Sarki, mutanen Layin Rini ba su da riƙo. Shekara talatin suna tare, sun yi jana'izar juna, sun ci shinkafar Kirsimeti da naman Sallah a faranti ɗaya, ga shi kuma ba wata inuwar buga dara a layin. Suka yarda a lanƙwasa kwata ta zagaye rumfa. Asabar ta zo, hannu goma sha ɗaya suka tashi, Baba Istifanus kaɗai ya bar nasa a cinya.

Mama Jemimah ta duba zanen da Harrison ya yi, irin duban da take yi wa yadi. Ta ce, "Ruwa ba ya shan kwana don girman mutum. Nan zai cika ya tsallake, ya koma gidan Baba. Ban sa hannu ba."

Gwamna ya yi tsalle. "Kama-karya! Mutum ɗaya ta fi goma sha ɗaya? A kawo akwati Asabar mai zuwa!"

Ya koma gida yana taku ɗai-ɗai. Sha ɗaya ake nema, sha ɗaya gare shi cif. Ya hau dakali, ya zauna a kujera, ya buga ƙafa a kankare don jin daɗi. Sai ƙafar ta tsaya. Manya ba sa riƙe ƙananan abubuwa a ka, shi ya sa sai a lokacin ya tuna abin da ke ƙarƙashin takalminsa.

Ran Juma'a da safe aka gan shi tsaye a kan dakali da diga a hannu. Ya auna gindin ginshiƙi. Idan ya sara nan, ginshiƙi zai kwanta, rumfa ta bi shi. Idan bai sara ba, kwata za ta sara masa. Ga mutane suna wucewa, kowa na cewa ina kwana Gwamna. Madam Rhoda ta leƙo daga shago ta ce, "Baban Precious, me za ka yi da diga da kwat?"

"Ina duba ingancin aiki."

"To ka duba a hankali, bayanka ba na aro ba ne."

Ya mayar da diga bayan ƙofa.

Ran Asabar layi ya cika, har da matan da ba su taɓa zuwa kallon majalisa ba. Aka ajiye tasa a tsakiya, Mama Jemimah ta ɗora akwati a tebur. Gwamna ya miƙe.

"Honorabul-honorabul, kafin mu fara. Duniya ta ci gaba. Wannan jefa katako a tasa, ai abin kunya ne a zamanin waya. Mu ɗaga hannu kawai irin na wayayyu."

Mama Jemimah ta buɗe littafi, ta sa tabarau, ta karanta a hankali: "Da kwarkwaron masaƙa kaɗai, mai hatimi. Ba ɗaga hannu, ba aike, ba na yarda da baki." Ta juya littafin ta nuna wa jama'a. "Jan biro ne. Ni baƙi gare ni. Mabuɗi, Oga Tankifa."

Ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu, ya ce kamar ya faɗi. Harrison ya ce ba komai, ga guduma. Sai mabuɗi ya fito daga aljihun ciki.

Aka zazzage akwati a tebur. Malam Nasiru ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Goma.

"An yi wa dimokuraɗiyya fashi!" Gwamna ya ɗaga hannu sama. "Ina kira a kafa kwamitin bincike, a kama duk mai hannu, komai girmansa!"

Mama Jemimah ta ce, "Madalla. Akwati a wurina, mabuɗi a wurinka. Da wa kwamiti zai fara?"

Ya ce idan aka duba da kyau, zaman lafiya ya fi bincike.

Baba Istifanus ya ce shi a ba wani nasa, ba ya bukata. Aka raba goma ga mutum goma. Gwamna tun yana mulki ya saba shi ne na ƙarshe a komai, don babba ba ya gaggawa, saboda haka rabo bai kai kansa ba. Aka fara jefawa. Ƙwal. Ƙwal. Har goma, duka nasa, ba wanda ya saɓa alkawari. A tsohuwar doka da tun a na takwas an tashi ana tafi. Jama'a suka juyo suna kallon na sha ɗaya, yana tsaye hannu wofi. Ya duba tasa, ya duba rumfa. Sai ya zaro jan biro daga aljihu ya jefa.

Mama Jemimah ta sa yatsa biyu ta tsamo shi, ta juya gindinsa, ta miƙa masa. "Ba hatimi."

Ranar gayya, sara na uku Harrison ya yi a gindin ginshiƙi, sai ga baƙar leda. Ya kwance, kwarkwaro biyu suka gangaro gaban jama'a, ko ƙwarzane babu. Gwamna ya gyara kwat, ya yi gyaran murya, ya ce, "Kun gani? Da ban adana su ba, da yanzu gara ta cinye."

Harrison ya ce, "Gaskiya ne, Yallaɓai. Matsa kaɗan, rumfa za ta sauko."

Yanzu kwata ta miƙe daga titi har rafi, Baba Istifanus ya sauke gadonsa daga kan bulo. Majalisa ta koma zama a ƙarƙashin mangwaron Alhaji Zakariyya'u. Kujera mai dogon baya tana shagon Madam Rhoda, an ɗora mata katan ɗin taliya. Mista Ebenezer yana zama a benci a bakin kwata da lemarsa, kuma ya zama babban mai yaƙi da dokar goma sha ɗaya, yana cewa bai san wane azzalumi ya kawo ta ba. Watan jiya ya kai magana majalisa a mayar da ita takwas, hannu bakwai suka tashi. Mama Jemimah ta ce za ta sa hannu ranar da ya tsaya gaban jama'a ya faɗi wanda ya kawo dokar. Ya ce bai riƙe sunan ba. Tana nan ba ta sa ba, shi kuma yana nan yana neman mutum goma sha ɗaya.